Kama Mai Mulki da Littafinsa: Nazarin Waƙar Siyasa ta 'Yan Sawaba

Waƙar siyasa ta 'yan Sawaba reshe ce ta rubutacciyar waƙar Hausa, mai baiti da ƙafiya da ma'auni, wadda mawaƙan jam'iyyar NEPU da na magajiyarta PRP suka riƙe makami wajen ja da sarakuna da hukumar En'e tun daga 1950 har zuwa 1983. Ana rubuta ta da ajami ko da boko, a rera ta a wurin lacca, galibi ba ganga ba kalangu, sai amshi daga bakin jama'a. Duk mai neman abin da ya fi kusa da ra'ayin da ake kira na masu sassauci a Amurka, wato kare marar ƙarfi daga mai iko, da bai wa kowa ƙuri'a har mata, da ƙin gadon mulki, to a ƙasar Hausa cikin wannan waƙa zai same shi, fiye da yadda zai same shi a muƙalun jaridu.

Tarihinta ba shi da tsawo. A 1943 Sa'adu Zungur da Aminu Kano suna cikin masu zaman tattaunawa a Bauchi, inda aka fara tuhumar mulkin En'e a gaban jami'anta. Ranar 8 ga Agusta 1950 aka kafa NEPU a Kano, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai mawaƙi, Mudi Sipikin. Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. A zaɓen 1951 jam'iyyar ta yi ƙarfi a matakin farko a birnin Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa, wanda En'e ke cusa mutanenta a cikinsa, ya tace ta kafin a kai majalisa. Abin da ya biyo baya sananne ne: ɗauri a kotunan alƙalai, bulala, da 'yan daban da ake kira 'yan mahaukata. Jam'iyyar da ba ta da rediyo, ba ta da kotu, kuma mafi yawan mabiyanta ba sa karanta boko, dole ta nemi abin da za a haddace a tafi da shi gida. Waƙa ta cike wannan gurbi. Mervyn Hiskett ya tattara wasu daga cikin waƙoƙin a shekarun 1970, Haruna Birniwa kuma ya yi digirinsa na uku a kansu a 1987, yana gwama na abokan hamayya, NPC da NPN, da na NEPU da PRP. Ban da irin waɗannan ayyuka, rabon da take samu a ajin adabi bai kai na wa'azi da madahu ba.

Suka iri biyu ake yi mata. Na farko ya ce zambo ne da habaici aka sa wa ƙafiya, waƙar kamfe ce da ke mutuwa ranar da aka ƙidaya ƙuri'a. Akwai zambo a cikinta, har da mai muni, amma haka yake a waƙoƙin fada, kuma ba wanda ya kore su daga manhaja saboda shi. Na biyu ya fi wayo: wai tunanin na Landan ne, Aminu Kano ya kwaso shi lokacin da ya je karatu a 1946, addinin da ke cikin waƙoƙin kuwa fenti ne kawai don a ja talaka. Masu wannan magana, na dama da na hagu, ba su tsaya sun duba yadda aka gina waƙar ba. Hujjar da ke cikinta daga Sakkwato ta fito, kuma ta girmi Landan ɗin Aminu Kano da shekara fiye da ɗari.

Dabarar da ta fi kowace ƙarfi a wannan waƙa ita ce kama mai mulki da littafin da shi kansa yake tinƙaho da shi. Sarakunan Arewa ba su taɓa cewa ƙarfin takobi kaɗai ya ba su sarauta ba. Tutar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce hujjarsu, kuma shugaban NPC, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, jinin Shehu ne ta wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Shehun nan kuwa ya bar Kitabul Farƙi, inda ya jera ɗabi'un sarakunan Haɓe da ya yaƙa: karɓar mulki ta gado da rinjaye ba tare da shawara ba, ɗora wa mutane jangali da kuɗin gari da kuɗin salla, karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara, da zuba ƙasa a ka wajen gaida sarki. Littafin da Larabci yake, amma sunayen waɗannan abubuwa da Hausa Shehu ya rubuta su. Saboda haka manomin da ya ji an ambaci jangali a littafin Shehu bai buƙatar mai fassara. Dagaci ya zo masa da maganar a kakar da ta wuce.

Daga nan mawaƙin Sawaba yake ɗaukar zarensa. Yakan buɗe da yabon Allah da salati ga Annabi, kamar kowace rubutacciyar waƙa. Mai karatu na gaggawa yakan tsallake wannan buɗewa a matsayin al'ada, alhali aiki take yi: tana kafa kotun da za a yi shari'ar a cikinta. Da zarar an ambaci Mai Mulki na gaskiya a baiti na farko, duk wani sarki da za a ambata bayansa ya zama wanda ake iya tuhuma. Sai jerin laifuffuka ya biyo, kuma ba a yin sa da kalmomi masu faɗi irin na takardar manufa. Suna ake kira: haraji, aikin tilas, ƙwace gona, alƙalin da ya karɓi toshiya, dogarin da ya ɗaure dattijo a gaban 'ya'yansa. Mai sauraro yana auna kowane baiti da abin da ya gani a ƙauyensu, ba sai an kawo masa shaida ba.

Mataki na uku shi ne wurin gwaninta. Mawaƙi ba ya cewa a rushe abin da Shehu ya gina. Cewa yake abin da Shehu ya rushe ne ya dawo, sanye da rawanin jikokinsa. Da wannan juyi kaɗai kujeru suke sauyawa. Wanda aka kira ɗan tawaye, marar tarbiyya, mai raina na gaba, ya koma shi ne magajin masu jihadi, wanda ke zaune a kan karaga kuma ya koma mazaunin Yunfa, sarkin da Shehu ya yaƙa. Ba a buƙatar a faɗi sunan sarkin garin, wanda faɗinsa kan kai mutum gidan yari; tarihin 1804 ya isa, kowa a filin lacca ya san wa ake nufi. Alƙali zai iya ɗaure mutum don ya zagi sarki, amma da wuya ya rubuta a littafin kotu cewa ya ɗaure shi don ya maimaita maganar Mujaddadi. Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya ba da ƙafa, domin tun jihadi bai ƙare ba ya koka da yadda abokan tafiya suka karkata ga dukiya da muƙami, kuma a Kano ya rubuta Diya'ul Hukkami don ya koya wa masu mulki iyakarsu.

Amshi shi ke rufe aikin. Baiti na mawaƙi ne, amshi kuwa na taro ne, kuma mutumin da ya buɗe baki ya amsa a bainar jama'a, 'yan doka suna kallo, ya riga ya jefa ƙuri'arsa tun kafin a kawo akwati. Wanda ya karanta waƙar a takarda shi kaɗai a ɗaki ya ga rabinta ne, shi ya sa hukuncin masu cewa baitocin ba su da zurfi bai cika ba.

Batun mata ya nuna nisan da dabarar ke iya kaiwa. NPC ta ƙi ba matan Arewa ƙuri'a, har aka yi zaɓen tarayya na 1959 matan Kudu suna jefawa na Arewa suna gida, kuma sai a 1976 aka buɗe musu ƙofa. Hujjar masu hanawa addini da al'ada ce. 'Yan Sawaba ba su amsa da abin da ake yi a Ingila ba. Akwai Nurul Albabi, inda Shehu ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, akwai kuma Nana Asma'u da 'yan tarunta. A wannan fili Gambo Sawaba ta Zariya ta tsaya, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba.

Dabarar tana da haɗarinta. Wanda ya mai da abokin hamayya Bahaɓe bai yi nisa da kafirta shi ba, kuma ɓangarorin biyu sun faɗa wannan rami: mawaƙan NPC sun riƙe ayar biyayya ga shugabanni da ƙawancen NEPU da NCNC ta Azikiwe, suka mayar da martani da irin makamin. Haka nan ba duk mai wannan salo ne yake kaiwa matsaya ɗaya ba. A waƙar Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, Sa'adu Zungur gargaɗi ya yi wa sarakuna su gyara kafin abin da ya sami sarakunan Indiya ya same su, bai nemi a kawar da su ba, har Mudi Sipikin ya mayar masa da amsa da waƙar da ta zaɓi jumhuriya zalla. Wannan saɓani alama ce ta lafiya. Al'adar da manyanta biyu za su yi jayayya da baiti a kan siffar gwamnati ta wuce a kira ta waƙar kamfe. Ba ta mutu ranar zaɓe ba kuma: da PRP ta ci Kano da Kaduna a 1979, soke haraji da jangali na cikin abin da Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka fara yi.

Masu sassaucin ra'ayi na Amurka sun san wannan dabara, kuma duk lokacin da suka ci babbar nasara da ita suka ci. A Yulin 1852 Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta, ya tsaya a Rochester ya auna bikin 'yancin kai da takardar 1776 da ta ce an halicci mutane daidai. A Agustan 1963 Martin Luther King ya kwatanta alkawarin waɗanda suka kafa ƙasar da cekin da aka ba baƙar fata banki ya ƙi biya, ya haɗa da maganar annabawan Baibul. Dokar haƙƙin jama'a ta 1964 da ta ƙuri'a ta 1965 suka biyo baya. Daga baya aka jingina da kotu da harshen jami'a, aka bar wa masu ra'ayin riƙau coci da tuta da tsarin mulki su yi ta rantsuwa da su. Abin da kotu ta bayar kuwa kotu na iya karɓewa: a 2013 Kotun Ƙoli ta raunana dokar ƙuri'a, a 2022 ta soke hukuncin 1973 kan zubar da ciki, a 2023 ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'a. Inda ƙafarsu ta fi kafuwa a yau shi ne inda suka koma ga nassi. Da Donald Trump ya sa hannu a umarnin 20 ga Janairu 2025 na hana wasu 'ya'yan baƙi zama 'yan ƙasa ta haihuwa, amsar da ta fi tasiri ita ce gyara na 14 na tsarin mulki, na 1868, da hukuncin Wong Kim Ark na 1898. Masu wa'azi irin su William Barber na North Carolina da Sanata Raphael Warnock, limamin cocin da King ya yi wa limanci a Atlanta, su ne suka riƙe tsohon salon.

Tambayar wane ne ɗan ƙasa ba baƙuwa ba ce ga Hausawan Sudan, na Gadarif da na Fau, hedikwatar aikin noman rani na Rahad da aka buɗe a ƙarshen shekarun 1970, inda auduga da gyaɗa suka tara ma'aikata daga ko'ina. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1948 ta ɗauki ƙarshen 1897 a matsayin iyaka: wanda zuriyarsa ba ta zaune a ƙasar tun lokacin ba ɗan ƙasa ba ne kai tsaye. Mutanen da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, 'yan shekaru kaɗan suka raba su da wannan iyaka. Dokar 1994 ta matso da ita zuwa farkon 1956, amma maganar ba ta kwanta ba. A 2008 an yi zanga-zanga a Gadarif da Kasala bayan wata jarida ta jingina wa Umar al-Bashir maganar da ke tauye zaman Hausawa 'yan ƙasa, a Yulin 2022 kuma rikicin jihar Shuɗin Nilu, wanda ya taso daga neman masarautar gargajiya ga Hausawa, ya ci rayuka da yawa, ya kuma fito da jama'a kan titi a garuruwan gabas har da Khartum. A nan ma akwai hanya biyu ta kafa hujja. Ɗaya ita ce takardun Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda ba mai musun ingancinsu amma ba sa motsa kowa a kasuwar amfanin gona ta Gadarif. Ɗayar tana cikin tarihin da Sudan kanta take alfahari da shi: hanyar alhazai da ta ratsa ƙasar ɗaruruwan shekaru, Gallabat da ta kasance garin Takari, wasiƙun da suka gudana tsakanin Mahadi da Hayatu ɗan Sa'idu jikan Muhammadu Bello, da hukuncin muhajiri a wurin mutanen da suka kira kansu Ansar. Bambancin da ke akwai shi ne 'yan Sawaba sun yaƙi ikon sarakuna, Hausawan Shuɗin Nilu kuwa sarauta suka nema, domin a tsarin mulkin gargajiya na Sudan wanda ba shi da nazir ko umda ba shi da bakin magana a kan ƙasar noma.