Wasan kyawun hali na Barrish da abokan aikinsa: wasu abubuwan dubawa

A shekarar 1969 Harriet Barrish da Muriel Saunders da Montrose Wolf na jami'ar Kansas, a Amurka, suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi a aji na huɗu na lakkol firamare, mai ɗauke da yara 24. Dabarar ba ta da wuya. An raba aji gida biyu. Duk yaron da ya tashi daga benci ko ya yi magana ba da izini ba, sai a ja wa rukuninsa layi a allo. Rukunin da layukansa suka fi kaɗan shi ya ci, kuma idan ba wanda ya wuce biyar, duka biyun sun ci. Ladan kuwa shi ne shiga gaban layi lokacin cin abinci da samun rabin awa na wani aiki na musamman a ƙarshen yini. A darasin lissafi surutu ya sauko daga kashi 96 cikin ɗari na lokutan da aka lura zuwa kashi 19.

Wajibi ne a yaba wa aikin ta fuskar tsari. Marubutan sun janye wasan, surutu ya komo. Suka maido shi, ya sake sauka. Da wuya a ce dace ne kawai. Ban da haka, Saigh da Umar sun maimaita gwajin a wata makarantar firamare ta Sudan, suka wallafa a 1983, an kuma ga ragin tarzoma a aji. Nazarin Sheppard Kellam a birnin Baltimo, wanda ya soma a 1985, ya bi yaran har suka kai shekara 19 zuwa 21, ya sami ragin shaye-shaye, musamman tsakanin samarin da tun suna ƙanana aka san su da faɗa. Malamin da bai san wata hanya ba sai bulala, a nan ya sami abin kamawa.

Amma me aka auna? Zama da shiru. Ba a ƙirga abin da yaran suka koya ba. Tun 1972 Winett da Winkler suka soki wannan mazhaba da cewa burinta samar da yaro mai natsuwa da biyayya, ba tare da an tambayi ko darasin da ake son ya saurara ya cancanci sauraro ba. Wannan suka ta fi nauyi a wurinmu. Yaron da ya shiga ajin CI a Tasawa ko Madawa, ya tarar ana magana da Faransanci da bai taɓa ji a gida ba, idan ya juya ya tambayi na kusa da shi da Hausa abin da mushe ya ce, a ƙa'idar wasan ya yi laifi. A ganinmu kuwa shi ne mai neman fahimta a ajin.

Batu na biyu ya fi damunmu. Ƙarfin dabarar duka yana cikin ɗora wa jama'a laifin mutum ɗaya, don takwarorinsa su matsa masa. Wanda ya san tarihin lakkol a wannan ƙasa zai tuna da sambol, abin nan da ake rataya wa yaron da aka kama yana magana da harshen uwa, ya yi ta kasa kunne har ya sami wanda zai miƙa wa. Sambol ma ya yi aiki, idan aiki shi ne hana magana. Bambancin a fili yake, don wasan Barrish lada yake bayarwa, babu duka a ciki. Sai dai malami yana iko da layin da ke allo, ba ya iko da abin da zai faru da yaron da ya jawo wa rukuninsa faɗuwa bayan an tashi, a hanyar gida. Ko a Kansas, marubutan sun ambaci yaran da suka riƙa tara wa rukuninsu layuka har aka cire su daga wasan, alhali irinsu ne aka ƙirƙiro dabarar dominsu.

Saura batun yawa. An yi gwajin farko da yara 24 da mai lura zaune a gefe yana ƙirga. A ajin zana mai yara saba'in, malami ɗaya ne zai karantar, ya sa ido, ya kuma ja layi ba tare da son kai ba, kuma idonsa ya fi faɗawa kan yaron da ya riga ya yi suna da ƙiriniya.