Ƙafar Baba da Lambar Izini

A Mando, unguwar da tashar mota da asibitin ido na ƙasa suka fito da sunanta, ba a rasa gidan da aka dawo da tsoho daga asibiti bayan likita ya ce sai lallaɓawa da addu'a. Dangi suna lura da abin da ya ci da yadda ya kwana. Ƙafa kuwa tana can ƙarƙashin mayafi, sai ta fara wari a tuna da ita, a sa shi a Keke Napep a nufi asibitin da ke kan katinsa na inshora. A nan ne ake gane ma'aikaciyar jinyar da ta san aikinta.

"Sannu Baba, a ba ni ƙafar in gani." Ta ɗora bayan hannu ta ji ɗumi, ta sa yatsu biyu a gadon ƙafa tana neman bugun jini. Ƙafa mai sanyi wadda bugunta ya yi rauni, ko ƙwarzane ba ya saurin warkewa a jikinta. Sai ta ɗauko wani siririn tsinken roba da ke lanƙwashewa da nauyin giram 10, ta ce ya rufe ido, ta riƙa taɓa tafin ƙafar wuri-wuri. Inda bai ji ba, ciwon suga ya kashe jijiya, kuma nan ƙaya za ta shiga ba labari.

Farce a miƙe take yanke shi, ba ta bin lungu, don kada ya tsiro cikin nama. Askar mai yankan farce ta bakin tasha ba ta da gurbi a nan. Ta share tsakanin yatsu har ya bushe ƙayau, ta shafa mai a faso da kaushi, amma ba ta kai shi tsakanin yatsun ba, domin laima can take ɓoyewa. Ta nuna wa surukar gidan yadda ake tura matashi ƙarƙashin sha-raɓa, dunduniya ta zauna a iska, kada kwanciya ta cinye ta. Gyambon da ke ƙafar kuma ta wanke da ruwan gishirin asibiti, ta auna tsawo da faɗinsa da santimita kafin ta rufe.

Daga nan ta cire safar hannu ta ɗauki biro, kuma ni wannan rabin aikin ya fi ba ni sha'awa. A tsarin NHIA, hukumar inshorar lafiya da ta gaji NHIS a 2022, kuɗi ta hanya biyu yake zuwa. Akwai na kowane kai: adadi tsayayye da ake ba asibiti a kan duk wanda ya yi rajista da shi, ya zo ko bai zo ba, kuma ƙananan ayyuka a ciki suke. Akwai na babban aiki, kamar yanke mataccen nama a ɗakin tiyata, wanda sai an nemi lambar izini daga kamfanin da ke tsakani, wato HMO. Ma'aikaciyar jinyar ce ke fara gane ɓangaren da wannan ƙafa ta faɗa. Ma'aikatan jiha kuma katin inshorar jiha na KADCHMA suke riƙe da shi, da nasa ƙa'idojin.

Mai son jiki zai rubuta "an wanke ƙafa" ya miƙe. Takardar ta dawo ba a biya ba, nauyin ya faɗo kan gidan da jinya ta riga ta tatse. Ita kuwa sai ta sa wace ƙafa, wane yatsa, girman gyambo, launinsa, sakamakon awon suga, kwanan wata, da sa hannun likita. Ta duba lambar kati sau biyu, harafi bayan harafi.

Ta kira babban ɗan. "Yallaɓai, kashi 10 na kuɗin magani ne naku, ga rasit. Ranar Alhamis a dawo da shi, a zo da katin."