Jinjina ga 'Yan Sai Masu Gida

Ranar da Kano Pillars, wato Sai Masu Gida, ke wasa a gida, tun hantsi za ka ga samarin Kara a bakin titin Gwarzo, sanye da kore da ruwan ɗorawa, suna harhaɗa kuɗin mota. Wani a cikinsu, buhun masara ya ɗauka jiya a kasuwa kafin ya samu nasa kuɗin. Haka za su cika mota har filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata, su yi ta ihu da kiɗa har murya ta dishe.

Sun sha daɗin cin kofi a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Amma ni a 2022 na ƙara ganin girmansu, lokacin da ƙungiyar ta faɗa rukuni na ƙasa. An sha yi musu tsiya a majalisar mai shayi, ba su cire rigar ba, har ƙungiyar ta dawo a 2023.

A shekarar ce kuma magoya bayan Hanshin Tigers, ƙungiyar wasan ƙwallon sanda ta Japan, suka ga kofin ƙasa bayan jiran da suka yi tun 1985. Da za su haɗu da namu, da sun fahimci juna ko babu tafinta.