Lamba a Maimakon Suna: Tasirin Juna Tsakanin Silima da Talabijin a kan Mulkin Kama-Karya

A wannan ɗan taƙaitaccen nazari za mu duba yadda finafinai da wasannin talabijin masu hasashen mulkin kama-karya suke aron dabaru daga junansu. Galibinsu daga rijiya ɗaya suka sha, wato littafin George Orwell mai suna Nineteen Eighty-Four, wanda ya fito a 1949. Gidan BBC ya mai da shi wasan talabijin a 1954, har wasu 'yan majalisar Ingila suka yi ƙorafin tsananinsa. A 1956 kuma aka yi fim ɗinsa. Donald Pleasence ya fito a duka biyun, sa'an nan ya sake fitowa a fim ɗin George Lucas, THX 1138, a 1971. Ashe ke nan har 'yan wasa ma aronsu ake yi.

Babbar dabarar da suka yi tarayya a kanta ita ce ƙwace sunan mutum. Orwell ya ba Winston Smith lamba 6079. A cikin The Prisoner, wasan talabijin na 1967 mai kashi 17, ba a kiran jarumin sai da Lamba Shida. Shi kuwa fim ɗin Lucas, lambar jarumin ce ma sunan fim ɗin. Haka nan a The Handmaid's Tale, da fim ɗin 1990 da wasan talabijin na 2017, ana kiran baiwar Offred, wato mallakar Fred. Manufar ɗaya ce: wanda aka raba da sunansa an raba shi da asalinsa, ba shi da wanda zai bi masa kadi.

Sai dai akwai bambanci. Fim yana da iyaka. Cikin sa'a biyu za a karya jarumi ko ya tsira, mai kallo ya tashi da abin a ransa. Wasan talabijin kuwa dole ya ja zare, don haka azabar takan maimaitu mako-mako. A ganinmu nan ne hatsarin yake, domin abin da ido ya saba gani yakan daina ba shi tsoro. The Prisoner ya kauce wa wannan saboda gajartarsa, amma The Handmaid's Tale, da ya kai zango shida kafin ya ƙare a 2025, bai kuɓuta gaba ɗaya ba.

Saboda haka ya kamata manazarci ya tambayi kowane aiki: wannan dabara da aka aro, tana farkar da mai kallo ne, ko kuwa ta koma ado kawai?