Arlit a Idon Baƙo da Idon Ɗiyar Gari

A mujallun yawon buɗe ido na Turai da Amurka akwai wani irin rubutu da ya daɗe yana tashe. Marubuci zai sha wa motarsa mai ran Juma'a da maraice, ya nausa hamada, ya kwana biyu a wani tsohon garin haƙar ma'adinai da mutanensa suka watse, ya ɗauki hotunan ɗakunan da rairayi ya cike, ran Lahadi da dare ya komo gida ya rubuta abin da ya gano. A nahiyarmu garin da ya fi shan irin wannan ziyara shi ne Kolmanskop na ƙasar Namibiya, inda aka tsinci lu'ulu'u a 1908, Jamusawa suka gina gari har da asibiti da gidan rawa, kafin a bar wa iska shi a shekarun 1950. A ƙasar Cile ma akwai Humberstone cikin hamadar Atakama, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2005. Hujjar masu wannan tafiya ita ce dai ta Bahaushe: gani ya kori ji.

Mu ma muna da namu garin ma'adinai a hamada, wato Arlit da maƙwabciyarta Akokan. An kafa Arlit a 1969 saboda uraniyom, kamfanin SOMAIR ya fara fitar da shi a 1971, COMINAK ya biyo baya a 1978 da raminsa na ƙarƙashin ƙasa. Tun da aka rufe wannan rami ran 31 ga Maris 2021, ba abin mamaki ba ne wata rana a wayi gari Akokan ta shiga sahun garuruwan da ake zuwa kallo. Sai dai daga nan Damana tafiyar ta fi ƙarfin Asabar da Lahadi. Daga Yamai, in an bi ta Doso da Ƙonni da Tawa da Abalak da Agadas, kilomita wajen 1,200 ne, kuma shekara da shekaru matafiya na kuka da lalacewar hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda ake kira hanyar uraniyom. Ga kuma rashin tsaron da ya sa aka kafa dokar ta-ɓaci a sassan jihar Tillaberi tun 2017. Saboda haka malamin lakwal da ke son ɗalibansa su san garin da ya daɗe yana ciyar da baitulmalin ƙasa, ko shugaban ƙungiyar al'adu da ke neman abin da zai tara jama'a a kai, abin da ya rage a hannunsa shi ne fim. Guda biyu ne suka cancanci a zauna a kansu, dukkansu na zahiri, ba wasan kwaikwayo ba: "Arlit, deuxième Paris" na Idrissou Mora-Kpaï, ɗan ƙasar Benin, wanda aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2005, da "La colère dans le vent" na Amina Weira, ƴar Nijar, wanda ya fito a 2016.

Fim ɗin Mora-Kpaï shi ma a kan tafiya aka gina shi. Wani dattijo mai suna Isa ya koma Arlit karo na ƙarshe domin ya ga ɗansa da abokan zamansa na da, mu kuma muna biye da shi. Ta bakinsu muke jin yadda garin yake a zamanin da ake yi masa kirari da Paris ta biyu, lokacin da kuɗi ke yawo, mutane ke kwararowa daga ko'ina a Afirka ta Yamma, dare bai da bambanci da rana. Ta idonsa kuma muke ganin abin da ya rage bayan faɗuwar farashin uraniyom da tawayen shekarun 1990: tsofaffin ma'aikata da ciwon da ba su san sunansa ba, ƙarafan da suka fito daga ma'aikata suka shiga hannun jama'a, da samari daga ƙasashen kudu da ke jiran motar da za ta ƙetare da su Aljeriya. Mai fim ɗin ya iya haƙuri. Yakan bar mutum ya yi shiru har shirun ya yi nauyi, bai gaggauta yanke hoto ba, bai kuma cusa wa mai kallo ra'ayinsa ba. Wannan kaɗai ya ɗaga shi sama da duk wani rahoton ɗan jaridar da ya sauka da safe ya tashi da yamma.

Amma akwai abin da nake tuhumarsa da shi. Yawancin waɗanda suka fi tsaya wa mai kallo a rai a cikinsa masu wucewa ne. Isa ya zo bankwana, samarin kudu suna jiran mota, direbobi suna jiran fasinja. Mai kallo yakan tashi da tunanin cewa Arlit tasha ce da kasuwarta ta watse, saura a kashe fitila. Sunan fim ɗin ma ya ƙara wa wannan tunani ƙarfi, domin ya auna garin da wani birni na nesa, sannan ya nuna mana ya gaza. To, tarihi bai goyi bayan wannan jana'iza ba. Shekara biyu kacal bayan fitowar fim ɗin, a 2007, farashin uraniyom ya haura dala 130 kan kowace laba a kasuwar duniya, aka shiga rububin lasisin bincike a arewa, kuma ƙidayar 2012 ta tarar da mutum kusan 80,000 a Arlit. Farashin ya sake rushewa bayan hatsarin Fukushima na 2011, mutanen kuwa suna nan. An haifi yara a can, sun girma, sun yi aure, ba su san wani gida ba. Mora-Kpaï baƙo ne mai ladabi, mai kunnen saurare, amma idonsa ya fi kama abin da ke tafiya bisa ga abin da ke zaune.

Amina Weira kuwa gida ta koma. Mahaifinta ya yi shekara 35 yana aiki a ma'adinan, shi ne ginshiƙin fim ɗin, ta hannunsa ta shiga wurin abokan aikinsa da suka yi ritaya. Duk wanda ya san zaman gidan Bahaushe ya san nauyin da ke tsakanin ɗiya da uba, da irin tambayar da ba a yi wa babba kai tsaye. Wannan kunya ita ce ƙarfin fim ɗin. Dattawan ba su yi mata magana irin wadda ake yi wa Bature mai kyamara ba, inda kowa ke tsara kokensa yadda zai shiga kunnen ƙetare. Suna magana ne kamar a majalisar ƙofar gida, da barkwanci, da tsallake abin da ya yi zafi sannan a dawo masa ta bayan gida. A haka ake jin abin da ya fi ciwo: sun yi alfahari da aikin, ya ciyar da iyalansu, ya sa ƴaƴansu lakwal, kuma a cewarsu an daɗe ba a gaya musu haƙiƙanin abin da suke shaƙa ba. Mutum ya riƙe godiya da ƙorafi a baki ɗaya, bai saki ko guda ba. Ban san wani fim na ƙasar nan da ya kama wannan hali kamar nata ba.

Sai iskar da ta ba fim ɗin suna. Idan guguwar rairayi ta taso ta rufe garin, kowa ya nemi mafaka, harkoki su tsaya cik. Hoton yana da kyau ƙwarai, kuma a nan haɗarinsa yake ga ɗalibinmu. Yaron Damana ko na Filinge ya san jar iskar da ke gabatar da hadari a farkon damina, ya san ƙurar hunturu, zai ce ai wannan ma muna da ita. Bambancin ba ya ganuwa. Gubar uraniyom ba ta da launi, ba ta da wari, kyamara ba ta kama ta, mai ziyarar kwana biyu kuwa zai iya taka ta ya ɗauki hoto a kanta ya wuce. A Arlit gani bai kori ji ba, sai an haɗa da abin da tsofaffin ma'aikata suka faɗa da abin da na'urar awo ta nuna.

Fim ɗin Weira ba na lissafi ba ne, don haka lissafin ya hau kan malami. A 2003 cibiyar bincike ta CRIIRAD daga Faransa ta je Arlit bisa gayyatar ƙungiyar Aghir In'Man ta Almustafa Alhasan, ta ja hankali kan ruwan sha da ƙarafan ma'aikata da ake sayarwa a kasuwa. A Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta yi nata awo, ta ce ta tarar da wani wuri a titin Akokan inda ƙarfin gubar ya kai kusan ninki 500 na yadda aka saba, kuma samfurin ruwa huɗu cikin biyar sun wuce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya. Kamfanin Areva, wanda ya koma Orano a 2018, ya musanta yawancin zargin, ya kwashe ƙasar wasu wuraren, aka kuma kafa cibiyar sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata a jihar Agadas a 2011. Adalci ne a faɗa wa ɗalibai wannan ma. Abin da ba a gardama a kansa shi ne, COMINAK ya fitar da tan 75,000 na uraniyom, ya bar tarin dusar ma'adini mai guba wajen tan miliyan 20 a gefen gari, wadda aka shiga aikin rufewa bayan 2021.

Akwai giɓin da fina-finan biyu suka yi tarayya a kansa, kuma shi ya fi shafar mu. Dukkansu sun tsaya a arewa, ba su bi kuɗin zuwa kudu ba. Alhali kuwa mutumin da ya riƙe ƙasar a shekarun da uraniyom ya fi daraja ɗan nan ne. An haifi Seyni Kunce a Fandu a 1931, ɗan gidan sarautar Tondikandiya, a can kuma aka rufe shi bayan rasuwarsa ran 10 ga Nuwamba 1987. Ya karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, daidai lokacin da Diori Hamani ke ja-in-ja da Faransa kan farashin uraniyom. A zamaninsa aka gina babban zauren taro na Yamai da otal Gaweye da gidan ONAREM, aka farfaɗo da Samariya, aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976. Ƙungiyoyinmu na al'adu da yawa jikokin wancan zamani ne, ko sun sani ko ba su sani ba. Da farashin ya karye a farkon shekarun 1980, bashi ya danne ƙasar, aka shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 1983, tsuke bakin aljihu ya biyo baya har ya iso aji. Malamai ba su manta da 9 ga Fabrairu 1990 ba, ranar da aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy suna zanga-zanga kan gyaran fuskar da za a yi wa ilimi. Wanda zai yi fim na uku a kan Arlit, ina ba shi shawara ya fara daga wani aji na zana a Kurfai, ya bi zaren har bakin ramin. Tambayar ta ƙara nauyi tun da gwamnati ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa a Yuni 2025, domin yanzu riba da dusa duk a gida za a tambaye su.

Ga mai son kufai na gaske kuwa, muna da shi, ya kuma girmi Kolmanskop da ɗaruruwan shekaru. A arewacin Ingal akwai Azelik, inda masu binciken kayan tarihi, cikinsu har da Suzanne Bernus da Pierre Gouletquer a shekarun 1970, suka danganta da tsohon birnin Takadda na jan ƙarfe. Ibn Baɗuɗa ya sauka Takadda a 1353. Ya ba da labarin yadda bayi maza da mata ke narka jan ƙarfen a gidaje, a mayar da shi sanduna sirara da masu kauri da ake ciniki da su a matsayin kuɗi, ana kai shi har Gobir da Barno. Ya kuma lura cewa ruwan garin ya sauya launi da ɗanɗano saboda yana bi ta kan ma'adinin. Birnin ya rushe a ƙarni na 15, kuma a nan Azelik ɗin ne aka fara gano uraniyom ɗin Nijar a 1957, ana cikin neman jan ƙarfe. Daga rayuwar waɗancan maƙera da bayi, shaidar ido da ta iso mana a rubuce ita ce ta baƙo ɗaya da ya yi ƴan kwanaki ya wuce. Ba mu da ko jimla guda daga bakin wanda ya hura wutar.

Ma'aikatan Arlit sun fito daga kowane sashe na ƙasar, da yawa sun koma garuruwansu bayan ritaya, kuma suna ta ƙarewa. Ƙungiyar da ta samu fina-finan nan ta fara nuna na Weira, domin a san masu gida kafin a san masu wucewa, sannan na Mora-Kpaï a wani daren. In akwai tsohon ma'aikacin SOMAIR ko COMINAK a gari ko a ƙauyen kusa, a ba shi tabarma a gaba, a naɗi muryarsa da Hausa ko Zabarmanci, ko da da wayar salula ce. A tambaye shi shekarar da ya tafi da motar da ta kai shi, ko a gidajen kamfani ya zauna ko a unguwar Bukkoki, nawa ne albashinsa na farko, wace shekara aka fara ba shi abin rufe hanci, da kuma abin da ya ɗauko daga can ya kawo gida.