Araha Ba Ta Ado, Tsada Ba Ta Rubuta Memuwar

Duk shekarar da sakamakon bak ya fito, tambaya ɗaya ce ke yawo a fadodin Mirriya da na Damagaram a bakin waɗanda suka samu: wace ordinatar zan saya? Ƙarama mai sauƙin kuɗi, ko babba irin wadda ake gani a hannun ƴaƴan masu hali? Kafin mutum ya rufe baki wani ya zaro waya ya buɗe YouTube ko TikTok, ya nuna wani bature zaune a ɗaki mai sanyi, ya jera kwamfutoci biyu yana auna su. Wannan shawara ta bidiyo, da irin wadda mu kanmu muke ba juna a bakin shayi, ita nake so in ɗora a sikeli, domin ina ganin tana jefa ɗalibai da iyayensu cikin asara ta hanyoyi biyu.

In za a yi adalci, masu bidiyon nan sun san aikinsu. Suna auna saurin na'ura, da kyan launi, da nauyi, da ƙarar lasifika, kuma yawancin abin da suke faɗa gaskiya ne a inda suke. Sai dai kowane ɗayansu yana magana ne da wanda wuta ba ta ɗauke masa, wanda intanet ba ya ƙare masa, wanda in na'urar ta lalace zai mayar da ita shagon da ya saya da takardar garanti a hannu. Ban taɓa jin ɗayansu ya tambaya ko na'urar za ta jure ƙurar hunturu ba, ko wa zai gyara ta a garin da ke nesa da babban birni. Tambayoyinmu ke nan, kuma ba sa cikin bidiyon.

Mu fara da kuɗi, tunda nan ne abin ya fi zafi. Lokacin da kamfanin Apple ya fito da MacBook Air mai ƙwaƙwalwar M1 a 2020, farashinta na farko dala 999 ne, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. In aka juya ta zuwa sefa ta haura jika 500, kafin kuɗin kwastan da ribar wanda ya kawo ta. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta tsayar a Nijar jika 42 ne a wata tun farkon 2024. Wato mai gadi ko ɗan aike zai yi shekara cur bai ci bai sha ba kafin ya kusanci kuɗinta. Wanda ya yi bidiyon yana kiran wannan na'ura "ta ɗalibai". A gidajenmu kuɗin nan raguna ne da aka yi kiwo, buhunan gero ne da aka hana cikin gida, adashen uwa ne na shekara biyu. Ɗalibin da zai ce wa mahaifinsa sai wannan ko babu, ya kamata ya iya faɗa dalla-dalla aikin da zai yi da ita wanda ta ƙasa da ita ba za ta iya ba.

Ba ina cewa mai tsadar ba ta da abin yabo ba. Batirinta yana daɗewa ƙwarai, kuma duk wanda ya zauna a ƙasar nan daga Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har zuwa Maris 2024 da ta maido, ya san darajar batir. MacBook Air ba ta da fanka a ciki, saboda haka ba ta zuƙar ƙura kamar sauran. Waɗannan dalilai biyu ne masu nauyi. Amma ku duba ɗaya gefen. Kamfanin da kansa ya rubuta cewa zafin da ya dace a yi aiki da ita bai wuce maki 35 ba, alhali a Afrilu da Mayu zafin Damagaram yana haura 40, kuma zafi shi ne babban makashin batir kowace iri. RAM ɗinta da ma'ajiyarta a liƙe suke da uwar allon, ba a ƙarawa, ba a canzawa. Kamfanin ba shi da shagon kansa ko ɗaya a duk Afirka. In fuskarta ta tsage a kan kabu-kabu tsakanin Mirriya da jami'a, sai a yi ta jiran mai zuwa Kano ko Yamai, kuma kuɗin gyaran kaɗai zai iya sayen wata kwamfutar.

To, kada masu cewa "kowace ma kwamfuta ce" su yi murna, domin asara ta biyu a wajensu take. Akwai wasu sababbi fil a kwali, sirara, masu sheƙi, farashinsu ya yi daidai da aljihu. In ka duba bayanansu sai ka ga an rubuta Celeron, RAM jiga 4, ma'ajiya jiga 64. Windows kaɗai za ta cinye kusan rabin ma'ajiyar. Ka buɗe Word da PDF biyu da ƴan shafukan intanet, sai ta tsaya tana nishi kamar jakin da aka yi wa lodin jar ƙasa. Yawancinsu su ma a liƙe suke, ba a iya ƙara musu komai. Wanda ya saye ta ya ga ya yi riba ranar farko, amma kafin ya kai shekarar lisans ta uku yana neman wata. Nan ne karin maganar ya yi gaskiya, araha ba ta ado.

Babban kuskuren shawarar bidiyo shi ne ta raba kasuwa gida biyu, ƙarama da babba, ta manta da gida na uku wanda a cikinsa yawancinmu muke saye: na hannu. Kamfanoni da ma'aikatu a Turai da Amurka suna sauya kwamfutocinsu bayan ƴan shekaru, su kuwa tsofaffin su biyo jirgin ruwa, su ratso ta Kwatano ko Legas, wasu su sauka a Kano a kan titin Beirut, daga nan su iso mana. A cikinsu akwai ThinkPad na Lenovo, da Latitude na Dell, da EliteBook na HP. An ƙera su ne don ma'aikacin da zai yi ta jigila da su, jikinsu da ƙwari, kuma da yawansu ana kwance su da sukurdireba a ƙara RAM, a sauya batir, a kaɗe ƙura. Kayan gyaransu sun cika kasuwa, masu gyaranmu kuma sun saba da cikinsu. Mai bidiyo ba zai yi maka bayaninsu ba, tunda aikinsa nuna abin da ya fito bana.

Sai dai kasuwar na hannu tana da nata ramuka, kuma mu muke faɗawa saboda muna sayen suna. Mutum ya ji an ce "Core i7" sai ya miƙa kuɗi. Ba ya tambayar wane zubi ne. I7 ɗin laftof na 2012 zai iya kasa i5 na 2018. Ga yadda ake ganewa: in an rubuta i5-8250U, lambar farko bayan layin, wato 8, ita ce zubin. Wannan lambar ta ƙara muhimmanci yanzu, domin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida tana neman zubi na 8 zuwa sama. Wanda ya riga ya mallaki tsohuwa kada ya jefar, Linux Mint ko Ubuntu za su ɗauke ta kyauta. Amma mai saye yau ya tsaya a kan 8 ko abin da ya fi.

Sauran abin dubawa ba su da yawa. RAM kada ta gaza jiga 8. Ma'ajiya ta zama SSD, aƙalla jiga 256, domin tsohon faifai mai juyawa yana da nawa kuma ba ya son girgiza, mu kuwa hanyoyinmu kun san su. Ka cire caja a gaban mai shago ka zauna da ita rabin awa ka ga yadda batir ke sauka. Ka danna kowane harafi. Ka tabbatar ba a kulle ta da kalmar sirrin tsohon mai ita ba, musamman in Mac ce, domin kullen iCloud yana mayar da na'urar jika ɗari-ɗari ta zama faranti. In mai shago ya ƙi a gwada, ka yi masa sallama cikin mutunci ka ƙara gaba. Gani ya kori ji.

Akwai wani abu da ban ga wani mai bidiyo ya taɓa ba, kuma mu marubuta shi ya fi shafa: allon haruffa. Na'urar da ta biyo ta Kano yawanci QWERTY ce, mu kuma a lakwal mun saba da AZERTY, kuma memuwar da Faransanci ake rubuta ta, da duk alamomin da ke saman wasula. Sannan ga Hausa, wadda kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ayyana a matsayin harshen ƙasa. Babu kwamfutar da ke zuwa da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a kan madannanta, komai tsadarta. Manhaja irin Keyman, wadda kyauta ce, ita ke warware wannan cikin ƴan mintoci. Na ga rubuce-rubuce da aka buga a kan na'urori masu tsada inda "ƙasa" ta koma "kasa", "ɓata" ta koma "bata". Laifin ba na na'urar ba ne.

Yanzu ga hujjar da aka fi kawowa: "Ai ni aikin fasaha zan yi." To, wane aiki? In rubutun waƙa ne ko labari ko wasan kwaikwayo, kowace na'ura mai lafiyayyen allon haruffa ta isa, LibreOffice kuma ba a biyan ko dala. In zanen fosta ne ko bangon littafi irin wannan da ke hannunka, GIMP da Inkscape da Krita suna tafiya a kan jiga 8. In naɗar murya ce, Audacity ba ta da nauyi, kuma makirfo mai kyau da ɗaki marar hayaniya sun fi sabuwar ƙwaƙwalwa tasiri a kan abin da kunne zai ji. Inda na yarda babbar na'ura ta zama dole shi ne haɗa bidiyo mai nauyi na 4K, da zane mai fuska uku, da manyan manhajojin gine-gine da taswira. DaVinci Resolve, misali, tana son RAM jiga 16 da katin hoto mai ƙarfi. Wanda wannan ne karatunsa, ko yake samun kuɗi da shi a bukukuwa, ya sayi babba da hujjarsa. Mu nawa ne haka a cikin aji?

Tarihin fasaharmu ma bai goyi bayan jiran kayan aiki ba. Moustapha Alassane ya yi fina-finan zane mai motsi a ƙasar nan tun shekarun 1960, yana zana hotunan ɗaya bayan ɗaya da hannu. Fim ɗin Turmin Danya na 1990, wanda ake ƙirga farkon masana'antar fim ta Kano daga gare shi, da kyamarar bidiyo ta kaset aka ɗauke shi. André Salifou, wanda jami'armu ta Damagaram ke ɗauke da sunansa, ya rubuta wasansa a kan Sarki Tanimu tun kafin a san laftof a duniya. Da a ce sun samu kayan yau da sun yi murna, babu shakka. Amma ba su zauna jira ba. Mu kuwa akwai wanda ya shekara biyu yana cewa zai fara littafinsa in ya sayi Mac.

Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, rabin sha'awar nan ta ido ce. Ana so a buɗe murfi a amfi a ga tambarin tuffa yana kallon jama'a. Ba laifi ba ne mutum ya so abu mai kyau, amma matar da ta je kasuwar Mirriya ranar Lahadi sayen tulu takan ƙwanƙwasa shi ta saurari ƙararsa kafin ta dubi adon da ke wuyansa, domin ruwan sanyi take nema. Ita ta fi mu iya saye.

Shawarata ga ƙane ko ƙanwar da za su shiga jami'a bana ita ce su raba kuɗinsu. Kaso mafi girma ga na'ura ta hannu mai ƙwari, zubi na 8 zuwa sama, jiga 8, SSD. Abin da ya rage a sayi sabon batir in ana buƙata, da caja ta asali, da abin daidaita wuta, domin dawowar kuran da ƙarfi ta kashe caja da yawa, da jaka mai katifa, da kile biyu. Duk abin da ka rubuta ka ajiye shi wuri uku: a na'ura, a kile, a imel ɗinka. Kowace shekara akwai ɗalibin da memuwar ɗinsa ke tafiya da mataccen faifai ko da ɓarawo saura makonni a kare ta, kuma ba ruwan wannan musiba da farashin na'ura. In bursu ya shigo, ko aikin hannunka ya fara kawo kuɗi, ka ƙara RAM, ko ka sayar ka hau sama. A lokacin kai ne za ka gaya wa mai shago abin da kake nema.

Wanda bai yarda da ni ba, shafukan fitowa ta gaba a buɗe suke. Ya zo da lissafinsa a jika, ya faɗa mana aikin da ya gama da na'urarsa, mu karanta.