Gwanintar Riƙon Ɗan da Gida Ya Gaji da Shi

Wanda ya sauka a tashar jirgin ƙasa ta Victoria a Landan, ya ɗan taka kaɗan, zai iske babban cocin Katolika na Westminster, ginin jan bulo mai doguwar hasumiya, da fili shimfiɗe a gabansa. A shekarun 1980 nan ne makwancin marasa galihu da dama, cikinsu har da samarin da suka baro gidajen iyayensu. Kadinal Basil Hume, wanda ya shugabanci Katolikan Westminster daga 1976 har rasuwarsa a 1999, a jikin cocin yake zaune, don haka ba labari ake kai masa ba. Da hannunsa a kafa ƙungiyoyin taimakon marasa matsuguni: The Passage a 1980, da Cardinal Hume Centre a 1986 kusa da titin Horseferry, sannan Depaul a 1989. Biyun ƙarshen matasa suka sa a gaba, maza da mata, amma ni a nan samarin nake nufi, da mutanen da suka iya zama da su.

Yaron da ake kawowa irin waɗannan gidaje yawanci ɗan shekara 16 ne ko 17. Wani mijin uwa ne ba sa shiri. Wani an kore shi daga makaranta, gida ma aka ce an gaji. Wani daga Sudan ko Eritiriya ko Afghanistan ya iso shi kaɗai. Akwai kuma wanda dillalan ƙwaya suka ɗaure da bashi, suna tura shi a jirgin ƙasa zuwa ƙananan garuruwa da kaya a jikinsa da waya a aljihu. Dokar yara ta 1989 ta ɗora wa ƙaramar hukuma nauyin ba shi masauki, kuma a 2009 kotun ƙoli ta lokacin, a shari'ar wani yaro da hukumar Southwark, ta tabbatar cewa mai wannan shekaru yaro ne, sashen kula da yara ne zai riƙe shi. Doka ta ba shi gado da rufi. Sauran aikin na ma'aikacin da aka damƙa masa yaron ne, wanda zan kira mai riƙo, don a wurinmu sunan da ya dace da shi ke nan.

A daren farko ake gane gwani. Yaro ya shigo da kayansa a baƙar leda, hular riga a ka, ido a ƙasa. Ya riga ya ba da labarinsa ga ɗan sanda, ga malamin makaranta, ga ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, har labarin ya fita daga ransa. Sabon shiga aikin zai ɗauko takarda da biro. Gwani kuwa butar shayi zai jona, ya gasa burodi, ya tambaye shi ko akwai abin da ba ya ci. Ya nuna masa banɗaki da firji, ya miƙa masa tawul da mabuɗin ɗakinsa. Ya zauna inda bai tare ƙofa ba, saboda yaron da ya sha duka kafin ya kalli fuskarka sai ya duba mafita. Takardun dole za a cike su, amma na daren ba su wuce abin da zai tsare lafiyarsa zuwa safiya ba: ko yana shan magani, ko wani na nemansa.

Wannan hali yana da tushe a cikin Katolika. Akwai wani fada ɗan Italiya, Giovanni Bosco, da aka fi sani da Don Bosco, wanda ya rayu daga 1815 zuwa 1888 ya kuma ƙarar da rayuwarsa a kan yaran titi na birnin Turin. Almajiransa suna ba da labarin ranar 8 ga Disamba 1841, da mai gadin kayan coci ya fatattaki wani maraya mai aikin birkila saboda bai iya hidimar sallarsu ba. Don Bosco ya sa aka kira yaron. Karatu bai iya ba, rubutu bai iya ba, sai ya tambaye shi ko ya iya fito. Yaro ya yi dariya, aka fara daga nan. Tarbiyyarsa a kan abu uku ya kafa ta, hankali da addini da ƙauna, kuma ya nace malami ya kasance a filin wasa tare da yara, ya tare ɓarna tun ba ta auku ba. Mutanensa, 'yan Salesiyan, sun iso unguwar Battersea a Landan a 1887. Ma'aikatan yau da yawa ba Katolika ba ne, ba a kuma tambayar yaro addininsa kafin a ba shi ɗaki, amma dabarar neman abin da yaro ya iya kafin a lissafa abin da ya kasa tana nan.

Saurayi ba ya son a zaunar da shi gaba da gaba a ce faɗi damuwarka. Mu ma mun san wannan: ɗan fari ba ya haɗa ido da uba. Shi ya sa mai riƙo yake neman aikin da za su yi kafaɗa da kafaɗa, yankan albasa, ko kallon ƙwallo, ko tafiya a bas zuwa wurin likitan haƙori. Maganar da aka yi wata biyu ana jira sai ta fito a bakin tukunya. Idonsa kuma a buɗe yake. Sabon takalmi mai tsada a ƙafar yaron da ba shi da aiki, waya ta biyu da ba ya bari ta yi ƙara sau biyu, tikitin jirgi zuwa garin da ba shi da kowa: duk ya gani, ya rubuta, ya sanar da wanda ya kamata. Abin da ya fi burge ni shi ne tun ranar farko yake gaya wa yaron cewa in rai na cikin haɗari ba zai rufa asiri ba. Yaron zai yi fushi ranar da aka cika wannan magana, amma ba zai ce an yaudare shi ba.

Za kuma a gwada shi. Yaro zai zage shi tas, ya fasa ƙofa, ya ɓace kwana uku. Sau da yawa so yake ya ga ko wannan ma zai kore shi kamar na baya. Gwani ba ya ɗaga murya a lokacin da wuta ke ci. Sai ƙura ta lafa a zauna a kan ƙofar da aka fasa da yadda za a gyara ta, da safe kuma ya gaishe shi kamar jiya ba ta faru ba.

Rabin aikin a falon iyaye ake yin sa, kuma nan ne ya fi wuya. Saɓani da iyali shi ne babban abin da ke fitar da matasa daga gida a Birtaniya, shi ya sa Depaul take da masu sulhu, Cardinal Hume Centre kuma take haɗa masaukin matasa da taimakon iyalai a kan haya, bashi, aiki da takardun zama. A ce uban namu ne, ɗan arewa mai tuƙin tasi cikin dare, ya ce na sallama shi, ya zubar mini da mutunci a gaban jama'a. Mai sulhun da ya san aikinsa ba zai zo da wa'azin haƙƙin yara ba. Zai cire takalmi, ya gaisa, ya sha ruwan da aka kawo, ya bar dattijon ya amayar da abin da ke cikinsa. Can sai ya ce: "Baba, ban zo neman mai laifi ba. Me kake tsoro a kansa?" Daga nan ake jin cewa ɗaki biyu ne mutum shida, cewa uwar ba ta barci tun ranar da ta tsinci wuƙa a jakarsa. Kowa da zamansa daban tukuna, a ɗauki magana a tace ta a kai wa ɗayan, kamar yadda gwaggo ko kawu ke yi a gida. Ba a fara da dawowa gida ba. A fara da waya ranar Juma'a, sai cin abinci tare, sai kwana ɗaya. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka ne, amma gwani ya san gidan da komawa cikinsa cuta ce. A nan burinsa ya tsaya ga yaron ya samu ko da mutum ɗaya a dangi da zai ɗaga wayarsa.

Wani lokaci abin da ake bukata sarari ne na 'yan kwanaki. Don haka Depaul ke tafiyar da Nightstop, tsarin da ya faro a Leeds a 1987: mutanen gari da aka tantance suna ba matashi ɗakin baƙi, abinci mai zafi da wurin wanka, dare bayan dare, kafin a daidaita. Riƙo ne irin namu, sai dai an sa masa rajista.

Rajistar nan kuwa da dalilinta. A 1859 'yan ƙungiyar St Vincent de Paul suka buɗe gidan yara maza marasa galihu a Hammersmith, tushen abin da ya zama Catholic Children's Society ta Westminster, kuma tarihin da ya biyo baya ba fari ƙal ba ne. An tura yara Kanada da Ostireliya nesa da danginsu, har firaminista Gordon Brown ya nemi gafara a 2010 kan wannan tsari da ƙungiyoyi da yawa suka shiga. A 2020 kwamitin bincike na ƙasa ya samu cocin Katolika a Ingila da fifita sunansa a kan yaran da aka ci zarafinsu. Mu da muka ga yara da mari a ƙafa a Rigasa a 2019 ba mu da bakin yi wa kowa gori. Saboda haka mai riƙon yau sai an binciki tarihinsa kafin a ɗauke shi. Ba ya ba yaro lambar wayarsa ta gida, ba ya ba shi kyauta a ɓoye, yana da na gaba da shi da ke duba aikinsa, hukumar sa ido ta Ofsted kuma tana leƙo masaukan 'yan 16 da 17. Dole ya kusanci yaron har ya amince da shi, alhali duk abin da ke tsakaninsu a fili yake.

Da asuba mai aikin dare yake miƙa littafi ga na safe. Wane ya dawo ƙarfe ɗaya, bai ci komai ba. Wane yana da ganawa da lauya ƙarfe goma, a tashe shi da wuri, kuma a ƙwanƙwasa a jira, kada a shiga. Wane ya tambaya ko mahaifiyarsa ta bugo.